Saje Ya Yi Shiru a Hawa na Tara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, tare da sallamawa ga hukuncin Mai kowa Mai komai, Malam Ghali Tankari, tsohon malamin tarihi, tafinta a wani ofishin aika kaya da ke unguwar Xiaobei a nan ƙasar Sin, yana sanar da 'yan'uwa fatake na Kano, da na Nijar, da na zangunan Ghana, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa a ƙofar Masallacin Huaisheng bayan Juma'a, rasuwar abokin zamansa Saje, kakakin Turawa mai maɓalli uku, irin wanda 'yan badujala ke busawa. Ya rasu ranar Talatar makon jiya bayan la'asar, a hannun mai shi, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba amma ta yi muni. An ƙiyasta shekarunsa sun haura tamanin. Ana roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshen takardar kafin ya naɗe gyaɗa da ita, domin a ƙarshen ne buƙatar take.

An haifi marigayin a Ingila kafin yaƙin duniya na biyu, in dai hatimin da ke jikinsa bai yi ƙarya ba, don yawan guga ya cinye rabin rubutun. Ya shigo Najeriya a matsayin ma'aikacin gwamnati, a badujalar 'yan sanda. Ya yi busa ranar da aka sauke tutar Turawa, ya yi busa da aka ɗaga tamu, kuma muryarsa ba ta canza ko kaɗan ba, abin da ya nuna ya fahimci tarihi fiye da waɗanda suka rubuta littattafan da Malam ya yi shekaru yana koyarwa. Bayan ritaya ya faɗa hannun makaɗan otal a Sabon Gari, inda ya samo lotsawar da ke gefen bakinsa. Ba a san a kan wa ya lotse ba. A can Malam ya tsince shi, rataye a rumfar 'yan gwangwan tsakanin tsohuwar fitila da tayar keke, ya kawo shi gida a ƙarƙashin babbar riga kamar wanda ya sato ɗan akuya.

Marigayiya Hindu, matar Malam, ita ta raɗa masa suna. Ta ce, "Wannan ai Saje ne. Da ya buɗe baki sai kowa a gidan nan ya miƙe tsaye, har kaji." Ba ta taɓa cewa tana son muryarsa ba. Amma ita ce ta naɗe shi a zanenta ta cusa a tsakiyar akwati ranar da za su taho Sin, bayan albashin koyarwa ya gama nuna wa Malam matsayinsa. Ita ce kuma, in rana ta yi sanyi bai ɗauko shi ba, takan leƙo daga kicin ta ce, "Malam, yau Saje azumi yake?" Shekara shida ke nan Hindu tana kwance a maƙabartar Musulmi ta garin nan. Masu tambayar abin da ya hana Malam komawa gida, su daina.

Duk wanda ya san marigayin ya san shi da haƙuri da kame baki. Bai taɓa kai maganar gida waje ba, ko da yake ana jin sa har titi. Bai taɓa tambayar Malam yaushe zai ƙara aure ba, tambayar da wasu masu karanta wannan takarda suka yi tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Yana da murya mai kauri da ɗan dishi-dishi, kamar ta dattijon da ya ga duniya bai burge shi ba. Yakan fara da gyaran murya, fuf, sannan ya saki taaa mai tsawo, sai ya hau ta-ra-taa a hankali, ba gaggawa. Mafificin halinsa kuwa shi ne rashin kwaɗayi. Ɗan numfashin da aka ba shi, shi yake karɓa ya mayar da shi murya. Ƙirjin Malam ya tsufa, haƙoransa biyu na gaba na likita ne, leɓensa ya saki. Saje bai taɓa nuna ya lura ba.

Ya rasu ya bar 'yan'uwa huɗu a cikin kabad ɗaya, waɗanda Malam ya tara a tsawon shekaru saboda wautar da ke kama mutum in ba shi da ɗa namiji da zai ɓata masa dukiya. Akwai Ba'amurke, dogo mai ruwan azurfa, wanda ya fi kowa kyau kuma ya sani. Murya gare shi kamar aradu, amma sai an ba shi ƙirjin ɗan dambe kafin ya ce uffan. Akwai Bafaranshe, siriri mai zaƙin murya, wanda ke magana kamar yana tsoron ya tashi jariri. Muryarsa ba ta wuce labule, kuma da ya ji laima sai maɓallinsa na tsakiya ya yi fushi ya ƙi tashi. Akwai ɗan Rasha, mai nauyi kamar taɓarya, wanda tun ranar da aka saye shi bai taɓa yarda da kowa a kan inda sauti ya kamata ya tsaya ba. Sai autansu, wata bigilar soja 'yar ƙasar nan mai jan tuntu, da Malam ya samo a kasuwar tsofaffin kaya. Sau ɗaya ya busa ta, mai gadin bene ya hawo a guje yana gyara hula, kuma baƙon da ke zaune da takardar izini ba ya son ya ga an hawo masa a guje. Cikin huɗun nan babu magaji. An gwada su ɗaya bayan ɗaya, an kwatanta, an yi musu adalci. Babu.

Sai dai aikin da marigayin ya fi yi wa mai shi, wanda ya sa aka rubuta wannan doguwar takarda, ba kiɗa ba ne.

A hawa na takwas, daidai ƙarƙashin ɗakin Malam, akwai wata tsohuwa 'yar garin nan. Kowa a benen Apo yake ce mata, wato kaka. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, Sinancin da Malam ya koya a littafi kuwa ta ƙi yarda yare ne. Tun ranar da aka tare a ɗakin ta ɗaura yaƙi da Saje. Kullum bayan la'asar, da ya ce taaa, sai ta ɗauko gorar shanyarta ta daki silin ɗinta, wanda shi ne daɓen Malam: dum, dum, dum. Saje ya hau, gora ta hau. Saje ya yi shiru, gora ta ƙara ɗaya don kada a ce ita ta fara gajiya. In sun haɗu a lif sai ta juya wa Malam ƙeya ta tsura wa bango ido har a sauka.

Shekara biyu da suka wuce zazzaɓi ya kayar da Malam a tsakar ɗaki, ya kasa ko jan jiki. La'asar ta yi, ta wuce, Saje bai ce komai ba. Kafin magariba sai ga Apo ta hawo da mai gadi, gora a hannu, tana zazzaga masifa, ta sa aka buɗe ƙofa. Ba ƙauna ce ta kawo ta ba, Malam ba yaro ba ne. Ta shirya faɗanta na ranar, abokin faɗa bai fito ba, ta hawo jin dalili. Likita ya ce da an kwana a haka da sai dai wani labarin. Ranar Malam ya gane cewa a garin nan mai mutane kamar ƙasa, mutum ɗaya tak ke lura da ko yana numfashi, kuma ta tsane shi.

Waɗanda suka halarci jana'izar Inusah, ɗan zangon Kumasi mai aika takalma, sun san abin da ake nufi. Shi kaɗai yake zaune, kamar Malam. Na Xiaobei suka ɗauka ya tafi garin Shiling duba kaya, na Shiling suka ɗauka ya tafi gida. Abokansa biyu sun je har ƙofarsa. Sun yi sallama sau uku kamar yadda aka koya mana tun muna yara, ba a amsa ba, suka juya cikin ladabi. Sai da wari ya fito ta ƙarƙashin ƙofa aka kira hukuma. Malam yana cikin waɗanda aka nema su yi wanka. Ba a yi wankan ba, babu inda za a kama. Daga nesa aka kwarara ruwa, kowa ya toshe hanci da gefen rigarsa yana jin kunyar toshewar. Inusah mutum ne mai tsafta, mai son turare. Tun ranar Malam, in dai yana gari, bai ƙara tsallake busar la'asar ba, ko ƙirji na ciwo, ko ana ruwa, ko ba ya jin daɗin duniya. Yakan busa ne ya kasa kunne, in gora ta amsa sai hankalinsa ya kwanta har gobe.

Game da ciwon ajali, iyalan mamaci ba sa zargin kowa. Suna dai ambaton sunan Alhaji Maidaji na Shiling.

Alhaji Maidaji, kamar yadda aka sani, jikan dukawa ne, duk da yanzu jakunkunan mata yake lodawa kwantena-kwantena daga masana'anta. Ya kawo wa Malam ziyara, ya ga Saje a tsohon akwatinsa na katako mai yagaggen ƙyalle, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Haba Malam, kai da karatunka? Wuƙa tana da kube, littafi yana da gafaka, shi wannan bawan Allah ka bar shi a akwatin da ko ƙusa ba za a zuba ba? Abu mai daraja ba a barin sa tsirara." Malam ya ce tsiraicin bai dame shi ba. Alhaji ya ce, "Ni ya dame ni." Ya aika har Kano aka kawo masa jar fatar akuya, sabuwar jima, tana ƙamshin bagaruwa. Mutumin da ke da ma'aikata da injuna ya zauna da basilla da hannunsa, kamar yadda kakansa ya koya masa, ya ɗinka wa Saje kube daidai jikinsa, har da ado da geza. Gaskiya ɗaya ce, ɗinkin ya yi kyau. Malam bai taɓa ganin irinsa ba.

Ya kawo shi ne da safiyar ranar da Malam zai tafi Kano sunan jikarsa, wadda 'yarsa Saffana ta haifa. Alhaji da kansa ya zura Saje a ciki, ya ja igiya ya ɗaure tamau, ya ɗaga shi sama yana murmushi, yatsunsa duk hujin basilla. Malam ya karanta, ba sau ɗaya ba, cewa sabuwar jima da tagulla ba sa zama lafiya in laima ta shiga tsakani. Ya sani sarai. Amma ba a tuɓe riga a gaban wanda ya ɗinka ta, ga kuma motar Alhajin a ƙasa tana jira ta kai shi filin jirgi. Malam ya ce an gode, Allah ya saka, ya ajiye Saje a kan gado, ya kulle ƙofa.

Tafiyar ta faɗo a lokacin nan da kuka sani, da bango ke gumi, madubi ke hawaye, riga ta kwana uku a igiya ta fi jiƙewa. Wata biyu Malam ya yi. Da ya dawo ya tarar da kube ya yi furfurar fumfuna, fata ta manne da tagulla kamar an haife su tare. Da aka ɓamɓare, jikin Saje ya yi kore shar kamar an tsoma shi a miyar kuka, maƙogwaronsa kuma, wato bututun da iska ke fara bi, ya yi tabo-tabo ja.

An garzaya da shi wurin wani mai gyara a unguwar Tianhe, a bayan shagon sayar da kayan kiɗa. Mutumin ya ɗaga shi saitin fitila, haske ya ɓullo ta jikinsa kamar rariya. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo, lawban." Duk wanda ya taɓa neman kaya a garin nan ya san ma'anar: babu, maigida. Sannan, cikin kyakkyawar niyya, ya buɗe wayarsa ya nuna wa Malam hoton wani kakaki da aka mayar fitilar gefen gado, an ɗora masa hula. Malam ya ɗauki majinyacinsa ya fito.

An yi na gida. An liƙa dalma, an naɗa salatif, an ɗiga kakin kyandir. Saje ya daure ya yi mako guda yana magana, fff-taa, rabi iska rabi murya, gora kuma tana amsawa, ko da yake ita ma kamar ta rage ƙarfi. Ranar Talata Malam ya idar da la'asar, ya ɗauke shi, ya ba shi numfashi. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin yatsunsa. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce hhhh, irin ajiyar zuciyar tsohon da ya samu tabarma. Daga ƙasa gora ta daki daɓe sau ɗaya, ta tsaya tana jira.

Washegari da shiru ya yi yawa Apo ta hawo, ita da gorarta. Malam ya buɗe mata, ya nuna mata gawar a kan tawul. Ta sunkuya, ta sa ɗan yatsa a tsagar, ta dube shi, ta gane. Sai ta yi murmushi, na farko a shekara shida, har haƙorinta na zinariya ya fito. Ta bubbuga masa hannu, ta yi wani dogon jawabi, ta sauka tana 'yar waƙa. Da safe ya tarar da ledar lemo rataye a ƙofarsa, irin kyautar da sarki ke aika wa garin da ya ci da yaƙi.

Sai da ya ɓare lemon Malam ya gane abin da ya aikata. Ya ba ta dalilin shiru. Daga yau, in hawa na tara ya yi tsit, Apo ta san me ya sa. Ba za ta sake hawowa ba.

Ya gwada Bafaranshe, ko ƙudan da ke kan taga bai motsa ba. Ya saki ƙamus ɗinsa mafi nauyi a kan daɓe, babu amsa, don littafi yana faɗuwa a gidan kowa. Ranar Asabar ya ɗauko Ba'amurke, ya cika ƙirji iyakar abin da ya rage, ya hura. Abin da ya fito bai kai kukan ɗan tsako ba. Ɗaki ya yi duhu, daɓe ya taso ya tarye shi. Ya farfaɗo kuncinsa a kan tayil mai sanyi, hannun hagu ya ƙi bin umarni, waya tana kan tebur, nisanta kamar Kano. Da kunnensa a manne da daɓe yana jin komai na hawa na takwas. Yana jin talabijin ɗinta, yana jin mai yana ƙara a kasko, yana jin takalminta na roba yana zuwa yana dawowa. Gora tana jingine a inda take. Ya kwanta yana kallon hasken rana yana hawa bango, yana lissafin wa zai fara neman sa. A ofis za su ce Malam ya yi fushi ne, ya saba. Saffana ranar Lahadi take kira, in jaririya ta bari, in kuma ba a ɗauka ba takan ce Baba yana karatu. Ya tuna gefen rigar da ya toshe hanci da shi a kan Inusah, ya tuna wanda ya tsaya kusa da shi ranar, ya ga fuskokinku ɗaya bayan ɗaya a tsaye daga nesa da buta. Daga baya hannun ya saki, ya rarrafa ya kama ƙafar gado ya tashi. Babu wanda ya sani sai yanzu.

Da ya gaya wa Saffana rasuwar, ban da faɗuwar, cewa ta yi, "Baba, ka sayi wani mana. Ba a Sin kake ba? Ai komai a nan ake yi." An gode mata. An je an gwada sababbin, suna sheƙi kamar haƙorin amarya, kuma dukansu saurayi suke nema. Leɓen da ya shekara talatin a wuri ɗaya ba ya koyon sabon gida.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Ba za a yi masa salla ba, Malam bai zautu ba tukuna. An riga an wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda kowa ke fatan a yi masa. An naɗe shi a zanen Hindu, wanda ya zo ƙasar nan a cikinsa. Ba za a ba mai keken sayen tsohon ƙarfe ba, kuma duk wanda ya sake ambaton fitila ba a yafe masa ba. Gobe Asabar da hantsi za a sauko da shi ƙofar bene, daga nan a wuce Shiling, inda zai shiga kwantenar Alhaji Maidaji a tsakiyar jakunkunan mata, a kai shi Kano hannun Saffana. Ba a nemi izinin Alhajin ba, yanzu yake karantawa tare da ku. Saje zai riga mai shi komawa gida, a naɗe, a wanke, da sanin ranar da ya tafi.

Zaman makoki kuwa, ba a son taro. An ga yadda kuka yi na Hindu: kuka zo gaba ɗaya, kuka shanye shayi, kuka ɓace gaba ɗaya. Wannan karon za a karɓi gaisuwa mutum ɗaya a rana, bayan la'asar, kuma ba a sa ranar tashi ba. Ku raba kwanakin a tsakaninku yadda kuke raba wuri a kwantena. Juma'a ta Alhaji Maidaji ce har abin da hali ya yi, tunda dama yana shigowa gari salla. Ba sai an kawo komai ba. Ba sai an zauna ba. Ba sai ana son Malam ba, ya san abin da harshensa ya shuka a cikinku, kuma ya ga cewa wanda ya tsane ka ma yana iya riƙe amanar lokaci.

Hawa na tara ne, ƙofar ƙarshe ta hannun hagu, wadda babu jar takardar nan ta 'yan gari a jikinta. A ƙwanƙwasa, a yi sallama. In an ji tsaki daga ciki, ta'aziyya ta karɓu, a kama hanya. In kuwa an yi sallama sau uku ba a amsa ba, Malam yana roƙo, don girman Allah, a ajiye tarbiyya a bakin ƙofa. Kada a juya. Mai gadi yana ƙasa da mabuɗi. In ba ya nan, ƙofar ba ta da ƙwari, kafaɗa ɗaya ta ishe ta.